Ruwan Jego a Amper Shida

Ranar Litinin, shida ga watan Yuni na 2011, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, Abakar ya miƙe a falonsa da ke hawa na biyar kusa da Porte de la Chapelle a Paris, ya buga ƙirji, ya ce zai kai gidansa Lyon. Ina wurin. Barka na je yi, domin ranar Lahadi ɗiyarsu ta fari, Kausar, ta haifi ɗa namiji a can.

Na tarar da matarsa Biba tana kuka. Haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta, kwana arba'in, safe da yamma, da ruwan da ya tafasa da ganye. Wata shida Biba tana shiri. Ta tanadi tukunya mai cin lita sittin, da kanwa, da ganyen runhu da aka aiko mata daga Maraɗi cikin jakar wani ɗalibi. Sai ga mijin yarinyar, Nazir, wanda ke aiki a ɗakin bincike na wata masana'anta a Saint-Fons, a gefen Lyon, ya aiko cewa likita ta hana tafiya mai nisa. Gidansu kuwa ɗaki ɗaya ne da gado ɗaya, kuma Biba ba ta ga yadda za ta tare a ɗakin suruki ba.

"Share hawayenki," in ji Abakar. "In yarinya ba ta iya zuwa gidan ubanta, gidan ubanta zai je ya same ta."

"Da ƙafa zai je?"

"Da taya."

Shekara goma sha tara Abakar yana tura amalanken nama a kasuwar Rungis. A 2004 ya taɓa canza ƙwan fitila a ɗakin sanyi ranar da mai gyaran wuta bai zo ba. Tun daga ranar ya ce a kira shi Injiniya, kuma ko masallacin Juma'a za shi, da ɗan sukundireba mai fitila a aljihun rigarsa.

Ranar Laraba ya zo da karaban, wato ɗan gidan nan mai taya da mota ke ja. Ya girmi Kausar, kuma yana warin kare. Abu na farko da Abakar ya yi shi ne ya ciro murhun gaz ɗin da ke ciki, da bututunsa duka, don tukunya da baho su sami wuri.

"Maigida, da mi za a dafa ruwan?" in ji Biba.

"Da kuran, wutar lantarki. Gaz na mutanen da ne."

Ya nuna mata wani ƙarfe mai tsawon hannu da ake tsomawa cikin ruwa ya tafasa shi. A Rungis da shi suke ɗumama ruwan wanke daɓe. Na karanta abin da aka rubuta a jikinsa: wat dubu uku.

Nazir ya aiko da amsa ta bakin matarsa. In an yi suna ranar Lahadi, kuma aka ga ruwan zafi da ido, Kausar za ta tare a karaban. Ni aka ɗauke ni don ana son dattijo a wurin suna. Ban yi gardama ba. Tun rasuwar mai ɗakina, shekara tara ke nan, babu mai jira na a gida.

Tafiyar awa biyar muka yi ta cikin awa tara da kwata. Ranar Alhamis da hantsi muka shiga wani sansanin masu hutu a kudancin Lyon, kusa da kogi. Mai kula da wurin, Madam Clarisse, doguwa ce mai ɗaurin makullai a ƙugu. Ta ba mu fili mai lamba goma sha bakwai, ta ce an hana hura gawayi ko itace saboda fari, sannan ta nuna mana akwatin wuta da ke kan wani ɗan ginshiƙi.

"Amper shida ne," ta ce da Faransanci, tana nufin ƙarfin wutar. "Firigo, fitila, tele. Shi ke nan."

"Madam," in ji Abakar, "rabin firigon Rungis a hannuna suke."

"To nan ba Rungis ba ne."

Kan wayar karaban shuɗi ne, ƙato, mai haƙora uku, irin na amper goma sha shida. Ramukan akwatin kuwa irin na cikin gida ne, ƙanana. Abakar ya tura, ya juya, ya sa gwiwa. Madam Clarisse ta ce akwai guntuwar waya mai kai biyu a ofis, adaftater, za ta ara mana.

"Wannan na waɗanda ba su san aiki ba ne," in ji Abakar.

Tana juya baya ya ɗauko wuƙar yanka nama ya fille shuɗin kan. Ya shiga karaban ya fito da wani kai fari, ya haɗa, ya naɗe da salatif har ya yi kamar dunƙulen fura.

"Wanga kan daga ina?" in ji Biba.

"Daga cikin kayan aiki."

"Na dutsen gugata ne! Da mi zan goge kayan suna?"

"Ki sa ƙarƙashin katifa. Kina son wanka ko kina son guga?"

Wanka Biba take so. Muka cika tukunya, Abakar ya tsoma ƙarfensa, ya yi bismilla, ya kunna. Na duba agogo. Daƙiƙa huɗu. Wani abu ya ce ƙas cikin akwatin, fitila ta mutu.

A cikin kowane akwati akwai ɗan makunni da ke faɗuwa in an ja wuta fiye da ƙima, kuma a kulle yake. Sai an kira Madam Clarisse ta zo a kan kekenta ta buɗe ta ɗaga shi. Ranar Alhamis ta zo sau uku. A zuwa na farko ta yi murmushi. A na uku ba ta sauka daga keken ba, ta miƙa hannu kawai ta ɗaga.

Abakar ya ce wutar ba ta saba da mu ba ne, sai an bi ta a hankali. Ya gwada tsoma ƙarfen rabi. Ƙas. Ya gwada kunnawa da kashewa da sauri don kada akwatin ya farga. Ƙas.

Ranar Juma'a da safe Biba ta hau bas zuwa Saint-Fons ganin jika. Madam Clarisse, a zuwanta na biyar, ta manta ba ta kulle akwatin ba. Abakar ya karya asawakinsa biyu ya tokare makunnin ta yadda ba zai iya faɗuwa ba.

"Yanzu in ya isa ya faɗi."

Ƙas. Makunnin yana nan a tsaye, asawaki na riƙe da shi, amma wuta ta tafi.

"Daga ciki yake katsewa," in ji wata murya a bayanmu. "An yi shi ne don irinku."

Maƙwabcinmu ne na lamba goma sha takwas, Mushe Michel (Malam Michel ke nan da Faransanci), wani tsoho mai gajeren wando da jan wuya. Kwana biyu yana kallonmu daga kujerarsa. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana gyaran wuta a masana'antun Saint-Fons. Ya ce adaftater ko kan dutsen guga, duk baki kawai suke canzawa, ba sa ƙara abin da ke cikin akwati. Ya shiga karabansa ya fito da wani ɗan ƙarfe, ƙanin namu, mai wat dubu.

"Wannan amper shida za ta ɗauke shi. Ku kashe kome, ku rufe tukunya, ku naɗe ta da bargo. Awa shida ruwanku ya tafasa."

Na ciro fensir. A makarantar mishan an koya mana wannan lissafi, kuma bai canza ba tun lokacin. Ɗari biyu da talatin sau shida, wat dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin. Ɗan ƙarfen zai shiga har da sarari. In an kunna da azahar, a yi wankan yamma. In an kunna kafin a kwanta, a yi na safe.

"Abakar, ka karɓa," na ce da Hausa. "Lissafin ya fita."

"Awa shida? Ɗiyar Injiniya ta zauna jiran ruwa awa shida, da ƙarfen aro? Mi surukina zai ce?" Ya juya ga Mushe Michel. "Mun gode, Mushe. Wannan na dafa ƙwai ne."

Mushe Michel ya ɗaga kafaɗa ya koma kujerarsa. Abakar ya kama hannuna ya roƙe ni don Allah kada in gaya wa Biba. Na yi alkawari. Na sha yin shirun da bai kamata ba a rayuwata, wannan yana cikinsu.

Biba ta dawo da la'asar fuska a murtuke.

"Kwana biyar yau! Da ruwan famfo take wanka, a tsaye, kamar soja. Na taɓa bayanta, sanyi ƙalau. Ina ruwan nawa?"

"Ana kan gwaji."

Ta tsoma yatsa cikin tukunya. "Wanga ko alwala sai mai ƙarfin hali."

A zuwa na bakwai, Madam Clarisse ta tsinci asawakin. Ta riƙe shi da yatsa biyu, ta ce in ta zo na takwas, da takardar kora za ta zo.

Ranar Asabar Abakar ya tashi da fara'a. Ya zaunar da ni a bakin karaban.

"Malam Ilya, kai da ka yi boko. Shida da shida da shida nawa ne?"

"Goma sha takwas."

"Ƙarfena nawa yake ci?"

"Goma sha uku."

"To Alhamdu lillahi, har da ragowa."

A akwatinmu akwai rami ɗaya da babu mai amfani da shi. A akwatin da ke bayan shinge ma akwai wani. Shirinsa shi ne ya yi wa wayar karaban kai uku, kowane kai ya sha daga raminsa, su haɗu a jela ɗaya. Kai na biyu ya yanko daga fanka. Na uku daga injin niƙan Biba, tana salla.

Na ce masa na tuna Fada na makarantar mishan ya taɓa zana mana a allo cewa wutar gari layi uku ce, kuma ba a haɗa layi da layi.

"Fadan nan ya taɓa aiki a Rungis?"

"A'a."

"To."

Na ce a gwada yau, tun babu jama'a. Ya ce gwaji ɗaya ya rage mana a wurin matar nan, ba zai ɓata shi a gaban bishiyoyi ba.

Lahadi ta zo daidai da hutun Fentikos, sansanin ya cika maƙil. An raɗa wa yaro suna Yakubu da safe a Saint-Fons, da azahar kuma jama'a suka iso lamba goma sha bakwai. Na ƙirga mutum arba'in da uku: ɗalibai 'yan Nijar, 'yan Cadi masu aiki a masana'antu, mata da manyan kwanonin dambu da shinkafa. Motocinsu suka cika hanya. Maƙwabta kuwa duk suna gaban tele, ana gab da ƙare tseren motocin nan na awa ashirin da huɗu.

Kausar tana zaune a inuwa da jariri. Nazir, siririn saurayi mai tabarau, ya durƙusa daga nesa ya gaida surukinsa, kansa a ƙasa. Da yake kansa a ƙasa yake, sai idonsa ya faɗa kan wayar. Ya bi ta da kallo har shinge.

Ya zagayo ta bayana. "Baba Ilya, wa ya yi wannan haɗin?"

"Surukinka."

"Inna lillahi. Baba, in akwatunan nan ba layi ɗaya suke ba, fashewa za ta yi. Kuma da an sa kai ɗaya, haƙoran sauran biyun wuta ce tsirara."

"To je ka gaya masa."

"Ni? In dubi idon Baba in ce bai iya ba? A gaban mutane? Don Allah kai ka faɗa masa."

Na je na raɗa wa Abakar cewa yaron nan ya ga aikin, kuma yana ganin akwai haɗari babba.

"Ya ce babba?" Abakar ya ɗaga murya. "Jama'a, kun ji? Surukina mai digiri uku ya ce bai taɓa ganin babban aiki irin wannan ba!"

Aka yi tafi. Nazir ya sunkuyar da kai, ya je ya janye matarsa da ɗansa zuwa bayan wata bishiya mai nisa.

Ƙarfe uku saura minti goma, Abakar ya gyara babbar riga ya yi jawabi. Ya ce Bature ya ba mu shida, mu kuwa da basirar da Allah ya ba mu mun mai da ita goma sha takwas. Ya ce kafin a gama cin dambu ruwa zai tafasa. Biba tana tsaye bakin ƙofar karaban da damin ganyenta a hannu.

Ya soka kai na farko. Lafiya lau. Ya sunkuya ya ɗauki na biyu ta wajen haƙora.

Ban taɓa sanin mutum mai nauyin Abakar zai iya tashi sama haka ba. Hularsa ta faɗa cikin kwanon miya. Ya sauko yana yarfe hannu yana salati.

"Injiniya, lafiya?" in ji wani ɗan Cadi.

"Gwaji ne! Haka ake sanin ta iso!"

"Ta iso kam, mun gani."

Ya sa safar roba ta wanke-wanken Biba, ruwan hoda, ya soka kai na biyu. Shiru. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Mushe Michel ya taso daga gaban telensa yana ɗaga hannu biyu yana kiran "Mushe! Mushe!" Abakar ya ɗaga masa hannu shi ma, ya tsallaka shinge da kai na uku.

Ƙarfe uku saura minti shida. Ƙarar ta yi kamar an fasa tayar babbar mota. Wani shuɗin haske ya fito daga akwatin, murfinsa ya tashi ya sauka kan rumfar wasu 'yan Holand. Dunƙulen salatif ya kama hayaƙi. Sai kuma wani shiru da ban taɓa ji ba a ƙasar nan: babu firigo, babu tele, babu injin wurin ninkaya. Daga nan ihu ya tashi daga fili ɗari da ashirin a lokaci guda.

Suka fito, maza da gajerun wanduna, mata da tawul, wani da kumfa a kai. Wani ƙato yana ta tambaya wa ya ci tseren. Mai sayar da kirim mai sanyi ya zo da kwali yana ɗiga. Madam Clarisse ta iso a ƙafa, ta bar keken. Ta bi wayar da ido daga kai na farko zuwa na uku, ta tsaya kan safar hoda.

"Madam," in ji Abakar, gashin girarsa na dama babu, "wutarku ba ta da ƙarfi. A Rungis..."

"Ƙofar shiga da wuta take aiki," in ji ta. "Babu motar da za ta fita sai an gyara. Gobe hutu ne. Ka gaya wa baƙinka."

Baƙin sun ji da kansu. Masu aikin safe suka fara salati, 'yan Cadi suka koma Larabci. Mushe Michel ya matso kusa da Biba, ya nuna mata ɗan ƙarfensa, ya ce ai tun Juma'a ya ba da wannan aka ƙi. Biba tana jin Faransanci daidai gwargwado. Ta dubi mijinta. Ta dube ni, ni ma. Na duba agogona, ko da yake na san lokaci.

Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga karaban, ta jawo tukunyar zuwa bakin ƙofa, ta tuntsurar da lita sittin a kan takalman Abakar. Ta zuba ganye da kanwa a ciki, ta yi gammo da ɗankwali, ta aza a ka. Sannan ta nufi bishiyar da Nazir yake, ta tsaya a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura auren.

"Kai, gidanku akwai gaz?"

"Akwai, Inna."

"Gado nawa?"

"Ɗaya, Inna."

"Ya ishe mu, ni da ita da yaron. Kawo makulli."

Ya miƙa da hannu biyu. "Inna, ni fa?"

"Namiji ba ya kwana ɗakin mai jego. Ga gidan ubanta can, an kawo shi tun daga Paris. Sai arba'in."

Ta wuce gaba da tukunya a ka, Kausar na biye da jariri, sauran mata na biye da kwanoni. Masu hutu suka dare suka ba su hanya. A bakin ƙofa Biba ta rusuna ta bi ta ƙarƙashin sandar da ke tare motoci ba tare da ta taɓa tukunyar ba, suka nufi tashar bas. An gaya mini ruwan ya tafasa ƙarfe shida da minti goma, kuma har hawa na ƙasa an ji ihun Kausar da ganye ya sauka a bayanta.

Madam Clarisse ta so korarmu, amma mutumin inshora ya ce kada karaban ya bar sansanin sai ya zo ya gani, kuma bai yi sauri ba. Aka tura mu can ƙarshe, bayan kwandunan shara, inda babu akwatin wuta ko ɗaya.

Ga waɗanda suka rage a karaban bayan an watse.

Abakar, a gadon dama, fuskarsa ga bango, da man ƙuna a yatsa uku.

Nazir, a gadon hagu, shi ma fuskarsa ga bango. Ba ya iya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya iya tuɓe riga, kuma kullum sai ya fita tun kafin Abakar ya farka don kada ya gan shi babu hula.

Ni, a ƙasa tsakaninsu, a gurbin da murhun gaz yake a da. Tsakanin gadon nan da wancan taku ɗaya ne, amma duk maganar da za ta tsallaka sai ta bi ta kaina. "Malam Ilya, ce wa yaron nan ya rufe taga." "Baba Ilya, a ce wa Baba a rufe take." Kwana talatin da uku muka yi a haka. Rabona da a kira sunana sau da yawa haka a yini ɗaya, an yi shekara tara.